Awa Biyu-Biyu: Rayuwa a Ɗakin Masu Raunin Laka

A ɗakin masu raunin laka na wani babban asibitin ƙashi da ke Arewa, ba kiran sallah kaɗai ke raba lokaci ba. Duk bayan awa biyu, dare da rana, ana juya majinyata. Nas ta leƙo, 'yan'uwa masu jinya su miƙe daga tabarmin da suka shimfiɗa a tsakanin gadaje. Ɗaya ya tallafe kai da wuya, biyu su kama kafaɗa da ƙugu, wani ya riƙe ƙafafu, sannan a mirgina mutum gaba ɗayansa ba tare da bayansa ya murɗe ba. A duba fatar ƙugu da ɗuwawu da dugadugai, a shafa mai, a tokare da matasan kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka mai jinyar wannan gado ke taya na wancan, ko da jiya-jiya suka san juna.

Mafi yawan waɗanda ke kwance maza ne matasa, masu neman na kansu. Akwai ɗan acaɓa da mota ta buge, da fasinjan motar haya da ta wuntsila. Akwai wanda ya faɗo daga kan giginya ko mangwaro, da mai haƙar rijiya da ƙasa ta rufta masa, da wanda katangar ƙasa ta danne da damina, da manomin da harsashin 'yan bindiga ya sama a baya. A ɓangaren mata za ka tarar da wadda ta zame tana ɗauke da kaya a ka, da wadda tarin fuka ya ci mata ƙashin baya sannu a hankali har ƙafafu suka daina ɗaukarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka a duniya, kuma hatsarin hanya da faɗuwa su ne kan gaba wajen jawo shi.

Da yawansu ba su iso da wuri ba. An ciccibe su daga bakin titi, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, aka naɗe su a bayan Keke Napep. Wasu an fara kai su wurin mai ɗori, aka yi ta ja da matsa. Ɗori yana da gurbinsa a karayar hannu da ƙafa, amma ƙashin baya daban yake, domin a cikinsa laka take, kuma motsi guda na kuskure na iya ƙarasa abin da hatsarin ya rage.

Laka doguwar jijiya ce mai kimanin santimita 45 a jikin babban mutum. Ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa, ta bi ta cikin ƙasusuwan wuya 7 da na gadon baya 12, ta ƙare wajen na farko ko na biyu cikin 5 na ƙugu. Ta cikinta umarni ke sauka zuwa gaɓoɓi, ta cikinta kuma labarin zafi da sanyi da taɓi ke hawa. Idan ta samu rauni, lamarin yakan yi kama da babbar wayar lantarki da ta tsinke a bakin unguwa: ƙwan fitila da wayoyin cikin gidaje duk lafiyarsu ƙalau, wutar ce ba ta isowa. Rauni a wuya yana shafar hannuwa da ƙafafu, wani lokaci har da numfashi. Rauni a gadon baya yakan bar hannuwa, ya ɗauke ƙafafu. A kusan kowane hali kuma riƙe fitsari da bayan gida yana taɓuwa, kuma wannan ne ciwon da ba a cika faɗa wa masu zuwa dubiya ba.

Tambaya guda ce a bakin kowa idan likitoci suka zo zagayen safe: "Likita, zan tashi?" Likita ba ya gaggawar amsawa. Yakan ɗauki allura da auduga, ya bi jiki daga wuya zuwa tafin ƙafa yana tambaya ko an ji, ya sa a motsa wannan yatsa, a ɗaga wancan gwiwa. Da haka ake sanya rauni a mataki, daga A, inda babu ji babu motsi a can ƙarshen laka, zuwa E, inda komai ya dawo daidai. Wanda wasu zaruruwan lakarsa suka tsira yana da kyakkyawan zato, kuma yawancin abin da zai dawo yakan dawo ne cikin watanni shida na farko zuwa shekara. Wanda nasa ya kai matakin A, gaskiyar da za a faɗa masa tana da nauyi, kuma likitan kirki yakan faɗe ta da taushi, a gaban mahaifi ko wa, ba tare da ya rufe ƙofar rahamar Allah ba.

Da hantsi ake tura waɗanda ƙashinsu ya kama zuwa sashen gashin ƙashi. A nan ne mutum ke sake koyon abubuwan da ya iya tun yana goye. Akwai gado mai maɗauri da ake ɗagawa kaɗan-kaɗan har ya kusa miƙewa tsaye, domin wanda ya yi makonni a kwance, da zarar an tayar da shi jininsa kan sauka, jiri ya kwashe shi. Akwai katifar da ake koyon mirginawa da zama a kanta, da ƙarafa biyu da ake dafawa, da ƙaramin allo mai santsi da ake zamewa a kai daga gado zuwa keke. Ranar da matashi ya fara cira kansa daga keke zuwa gado ba wanda ya taɓa shi, ɗakin kan kaure da "Masha Allah", kowa na yi wa uwarsa barka.

Amma inda layi ya fi tsawo shi ne gaban wata 'yar na'ura da majinyata ke kira shokin. Wayoyi ne ke fita daga jikinta, a ƙarshensu akwai faifan roba masu manne wa fata. Mai gashin ƙashi yakan liƙa biyu a gaban cinya, ya murɗa maɓalli a hankali yana cewa, "Baba, kalli ƙafarka." Sai tsokar cinya ta ɗaure, ƙafar da ta yi wata uku ba ta motsa ba ta ɗaga daga gwiwa. Ba ƙaramin abu ba ne ganin fuskar dattijo a wannan lokaci.

Abin da ke faruwa shi ne na'urar tana aika ƙananan bugun lantarki, sau 20 zuwa 50 a daƙiƙa guda, zuwa jijiyar da ke ƙarƙashin fata, jijiyar kuma ta umarci tsoka ta ɗaure. Wato an kawo umarnin ta wata hanya, an tsallake wurin da ya lalace. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1961 wani likita a Amurka, Liberson, ya gwada ta a kan masu shanyewar ɓarin jiki da ke jan ƙafa, ya haɗa na'ura da maɓalli a dunduniyar takalmi don ta ɗaga tafin ƙafa a kowane taku. Amfaninta ga mai raunin laka a fili yake. Tana rage ramewar tsoka, tana taimaka wa jini ya zagaya, kuma ga wanda lakarsa ba ta yanke duka ba, haɗa shokin da ƙoƙarin motsi na kansa yana ƙarfafa ɗan abin da ya rage. A manyan cibiyoyin ƙasashen waje har keken motsa jiki ake haɗawa da ita, ƙafafun da suka shanye su riƙa tuƙawa. Akwai kuma wani nau'in mai sauƙin bugu da ake sawa don rage raɗaɗi.

Sai dai ma'aikatan sashen ba sa gajiya da jan hankali. Motsin da aka gani na na'ura ne, idan aka kashe ta ƙafa za ta koma yadda take, domin shokin ba ya ɗinke laka. Idan raunin ya lalata jijiyoyin da ke fita daga ƙarshen laka, tsoka ba za ta amsa irin wannan bugu ba ko an ƙure maɓalli. Tsokar da lantarki ke motsawa tana saurin gajiya. Fatar da ba ta jin zafi kuma za ta iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Shi ya sa suke faɗa da masu sayen na'urar tausa a kasuwa su riƙa manna wa majinyaci a gida ba da sanin kowa ba.

Da yamma, idan masu dubiya suka watse, wayoyi ke fitowa. Bidiyon Bature mai shanyayyun ƙafafu yana takawa ya zagaya kusan kowane gado. Labarin gaskiya ne. A 2011 masu bincike a Louisville ta Amurka, ƙarƙashin Susan Harkema, suka ba da rahoton wani matashi, Rob Summers, da aka dasa wa faifai mai bakin lantarki 16 a kan lakarsa, ƙasa da raunin, har ya iya tsayuwa da ƙafafunsa. A birnin Lausanne na Suwizalan, Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch suka ci gaba da aikin. A 2018 mutum uku masu ragowar laka suka taka da taimakon dashen, a 2022 wasu uku da suka shanye gaba ɗaya, ciki har da Michel Roccati ɗan Italiya da ya yi hatsarin babur, suka taka da abin dafawa. A 2023 aka nuna Gert-Jan Oskam ɗan Holan, wanda aka sa wa na'ura a ƙoƙon kai tana karanta niyyarsa ta yin taku, tana aika wa wadda ke bayansa. A Disambar 2024 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna ARC-EX, wadda ake manna wa a bayan wuya ba tare da tiyata ba, don ƙara ƙarfin hannu.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa abin mamaki ne. Lakar da ke ƙasa da raunin ba ta mutu ba, tana ɗauke da tsarin jijiyoyin da suka san yadda ake taku, tada su kawai ake yi. Amma abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne mutanen ƙalilan ne, an zaɓo su ne don bincike, sun yi watanni suna atisaye tare da rundunar ƙwararru, kuma mafi yawansu keke ne abin hawansu na yau da kullum har yanzu. Duk wanda ya zo yana cewa a sayar da gona a ba shi kuɗi ya kai mutum waje a dasa masa na'urar tafiya, a yi hattara da shi.

Tarihin wannan fanni ma ya nuna daga ina ceto ya fara. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawan sojojin da suka samu raunin laka sun mutu cikin makonni ko watanni, kuma gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ne suka kashe su. A 1944 wani likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashe a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Ya kafa doka a juya kowa duk awa biyu, a kula da fitsari cikin tsafta, a tashi kowa ya yi aiki da wasa. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Gasar harbin baka da ya shirya wa majinyata 16 a 1948 ita ce ta girma ta zama gasar nakasassu ta duniya da aka fara a birnin Rum a 1960. A 1972 kuma likita Jack Lapides ya nuna cewa mutum zai iya zura wa kansa robar fitsari mai tsafta sau da yawa a yini, ya cire, maimakon a bar ta a jiki. Wannan dabara mai araha ta ceci ƙodar mutane masu ɗimbin yawa.

Waɗannan ayyuka su ne har gobe ke raba mai rai da mamaci a ɗakin nan, kuma galibinsu a hannun masu jinya suke. Uwa ce, ko mata, ko ƙanen da ya ajiye makaranta. Su ke wanke zanin gado da asuba, su ke zubar da jakar fitsari, su ke fita neman auduga da safar hannu, su ke kiran dangi a waya idan kuɗi ya ƙare. Su ne kuma ake koya wa alamar haɗari ga mai rauni a wuya ko saman gadon baya: idan ya kama ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, fuska ta yi gumi, to jininsa ne ya hau, a zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta toshe, a kira nas da gudu. Ba mai biyansu, kuma ba kasafai ake tambayarsu yaya nasu jikin ba.

Ranar sallama rana ce ta murna da fargaba. A asibiti ƙasa a shafe take da siminti, a gida kuwa akwai dokin ƙofa, da yashi a tsakar gida, da masai na tsuguno, da zauren da keke ba ya shiga. Masallacin unguwa yana da matakala, haka makaranta da banki. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce, kuma mai keke ne zai faɗa maka yawan ƙofofin da har yau sai an ɗauke shi. Ba abin da ke karya zuciyar ma'aikatan sashen kamar su ga wanda suka sallama da fata lafiyayya ya dawo bayan 'yan watanni da gyambo har ƙashi, saboda ba a samu matashin zama mai kyau ba.

Muna da haƙƙin mu yi fatan abin da ake yi a Lausanne ya iso gare mu, kuma ya kamata jami'o'inmu su shiga wannan bincike. Amma na'urar da za ta zo nan da wasu shekaru ba za ta amfani kowa ba sai wanda ya rayu har zuwa lokacin, da lafiyayyar fata da ƙoda da gaɓoɓin da ba su sandare ba. Don haka mai hannu da shuni da ke neman inda zai sa zakka ko waƙafi, ga katifa da matashin keke da robar fitsari da batirin sola na sashen gashin ƙashi. Kwamitin masallaci ya zuba gangara a ƙofa. Ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa su koya wa mutanensu cewa wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ba a zaunar da shi, ba a jan sa. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗora shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa, a nufi asibiti kai tsaye.