Gidan tarihin zanen barkwanci: me ake adanawa a ciki?

A birnin Angulem na Faransa akwai gidan tarihi da aka keɓe wa littattafan zane masu ba da labari, waɗanda ƴan lakkol ke kira BD. Garin ya fara yi musu bikin shekara-shekara tun 1974. Burusel ta buɗe nata gidan a 1989, Kiyoto ta Japan kuma a 2006.

Wani zai ce, littafin da ake saye a kasuwa, me ya kai shi gidan tarihi? Abin da waɗannan gidaje suka fi farauta shi ne takardar asali, wadda mai zane ya fara da fensir, ya bi da tawada, kafin ta je maɗaba'a. Guda ɗaya ce tak a duniya. A jikinta ake ganin inda ya goge da inda ya liƙa gyara. Haske na sa ta koɗe, zafi na sa ta karye, gara kuwa ba ta san darajar kowa ba. Shi ya sa ake nuna ta na ƴan watanni, sannan a maida ta cikin duhu.

Nijar ba ta da irin wannan gida, alhali tana da abin sakawa. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa ya kuma rasu a 2015, na cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka. A "Bon voyage, Sim" na 1966, da shugaban ƙasar kwaɗi ya yi wa ziyarar shugabanni ba'a. Ga kuma mujallar Kouakou da yaran ƙasashe renon Faransa suka tashi suna karantawa. Yau wa ke da ita jere, lamba bayan lamba?

Mutanen Agadez sun san yadda ake ceton zane. Raƙuman dawa na Dabous, da aka sassaƙa a dutse shekaru dubbai da suka wuce, an ɗauki kwafinsu a 1999, aka kafa ɗaya a filin jirgin Mano Dayak. To amma dutse na iya jira, takarda ba ta iyawa. A ganina, farawa ba sai da katafaren gini ba: ɗaki maras zafi, akwatunan da ƙura ba ta shiga, da ma'aikaci guda mai rubuta sunan mai zane da shekara a kan kowace takarda.