Rumbun Kwamfuta Ya Cika: A Ƙara Na Biyu

Kowane manomi ya san ranar da rumbu kan cika alhali da sauran dammuna a gona. Irin wannan rana kuwa tana zuwa wa mai kwamfutar tebur, watau babbar nan mai akwati wadda ake girkewa a ɗaki. Wata safiya zai nemi ajiye hotunan suna ko karatun wani malami, sai ta ce masa babu wuri. Daga nan sai ka ga mutum ya shiga share wannan yana juyayin wancan, wani ma har ya soma shawarar sayar da ita ya nemi sabuwa. To, mu dai a ganinmu abin bai kai nan ba, gama galibin akwatunan nan an bar musu gurbi musamman domin rumbu na biyu.

Shi wannan rumbu ɗan ƙarfe ne kamar ƙaramin littafi. A cikinsa akwai faya-fayai masu maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 cikin minti guda, da wata 'yar allura mai shawagi bisansu ba tare da ta taɓa su ba, tana rubutu tana karatu. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fitar da na farko cikin 1956. Faya-fayansa 50, faɗin kowanne inci 24, nauyinsa kimanin tan guda, amma duk da wannan jiki abin da yake ɗauka bai wuce harafi miliyan 5 ba, hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu sun isa su toshe shi. Cikin 1983 kwamfutar XT ta zo da megabayit 10, aka yi ta al'ajabi. Da 2007 ta yi, Hitachi ya kai terabayit 1, watau ninki 100,000 na wancan.

Aikin ƙarawa ba ya bukatar gwani. A kashe na'ura, a zare fulogi daga bango, a kwance sukurori biyu na murfin gefe. Amma kafin hannu ya shiga ciki, lalle mutum ya dafa ƙarfen akwatin tukuna, balle da hunturu, sa'ad da iska ta bushe har akan ji tartsatsi in an taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsi da ba ya yi wa mutum kome yana iya kashe kayan ciki. Sa'an nan a zura rumbu a gurbinsa, a ɗaure shi da sukuru huɗu don kada ya riƙa rawa. Wayoyi biyu yake so, irin da ake kira SATA: siririya mai haƙora 7 wadda ke tafiya zuwa babban allo, da mai faɗi mai haƙora 15 wadda ke fitowa daga akwatin wuta. Bakin kowacce ta fuska ɗaya kaɗai yake shiga, in ya ƙi, a juya shi, kada a sa ƙarfi. Siririyar sau da yawa ba ta zuwa tare da rumbun, sai a tuna a saya kafin a baro kasuwa.

Da an kunna, mai shi zai duba bai ga sabon rumbu ba. Kada hankalinsa ya tashi. Gona ce sabuwa, sai an yi mata kunya. A Windows akwai wurin da ake kira Disk Management, nan za a tambaye shi tsarin da yake so, MBR ko GPT. Na farkon tsohon yayi ne, ba ya ganin abin da ya haura terabayit 2, saboda haka wanda ya sayi mai 4 ya zaɓi MBR ya yi asarar rabin kuɗinsa. A zaɓi GPT. A nan ne kuma muke roƙon mai karatu ya natsu ya duba sau biyu wane rumbu ya nuna kafin ya ba da umarnin sharewa, domin na'ura ba ta san tsoho da sabo ba. In kuwa ya ga terabayit ɗinsa ya koma gigabayit 931, ba ɗan kasuwa ne ya rage mudu ba: masu ƙira da 1,000 suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024.

Akwai kuma irin da ake kira SSD, ba faifai ba allura, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi tsada. Mai hali ya ɗora Windows a kansa, ya bar mai faifai domin kaya masu yawa.

Abin da ya fi damunmu, wanda ya sa muka ɗauki alƙalami, shi ne zaton da mutane ke yi cewa ƙarin wuri shi ne tsaro. Wani maƙwabcinmu, malamin makaranta, ya sayi rumbu na hannu da araha, ya kwashe kome daga tsohon ya mai da can: takardun gida, da sakamakon ɗalibai, da muryar mahaifinsa marigayi yana ba da tarihin zuriyarsu. Ya share tsohon tas don ya sami sarari. Bai rufa wata uku ba sabon ya soma ƙas-ƙas, rannan ya yi shiru. Takardu an sake nema, sakamako an sake lissafawa, amma wa zai tashi tsoho ya maimaita magana?

Kurakuransa biyu ne. Rumbu yana riƙe da lissafin sa'o'in da ya yi yana aiki da tabon da ke jikin faya-fayansa, akwai kuma manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta wannan cikin ɗan lokaci, da ya sa an duba a gaban mai sayarwa, da wataƙila ya fasa ciniki. Na biyun ya fi muni, watau ya ƙaurar da kaya maimakon ya kwafa. Ko da ya kwafa ma, rumbuna biyu cikin akwati ɗaya wuta ɗaya suke sha. Ran da aka kawo ta da ƙarfi, ko ɓarawo ya haura katanga, tare za su tafi.

Saboda haka wanda zai sayi rumbu na biyu ya sa kuɗin na uku cikin lissafi, ƙarami na waje mai shiga ta kafar USB. Ba kome za a zuba masa ba, fina-finai ana samunsu ko yaushe, sai abin da babu irinsa a wani wuri. A kwafa kowane ƙarshen wata, a zare shi daga jikin na'ura, a kai shi wani ɗaki ko gidan ɗan'uwa. Malamin nan yanzu nasa yana cikin adakar uwargidansa, an naɗe shi da tsohon kallabi saboda ƙura.