Kallon Jirgin Ƙasa Ba Laifi Ba Ne, Amma A Yi Nesa Da Dogo

Wanda ya tashi a Jalingo bai saba da jirgin ƙasa ba, gama layin dogo bai taɓa isa can ba. Sai an je Gombe ake ganin wanda ya kai Maiduguri a 1964. Don haka in baƙo ya sauka Ikko, ya ga jirgi na ratsa Agege, sai ya saki baki yana kallo. Ko a Ingila akwai masu wannan sha'awa, sukan wuni a tasha suna rubuta lambobin jirage.

To, amma fa 'yan'uwa a kula. Jirgi ba mota ba ne; ko an ja birki, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Ran 9 ga Maris 2023 jirgi ya yi karo da bas ɗin ma'aikatan Jihar Legas a Ikeja, mutum 6 suka rasu. Kada a zauna kan dogo, kada a baza haja a kansa, a riƙe hannun yara.

Sai batun 'yan sanda. Bayan harin jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris 2022, mai daɗewa bakin dogo yana ɗaukar hoto yana iya jawo wa kansa zargi. Nemi izinin shugaban tasha tukuna, ka riƙe katin shaidarka. In an tambaye ka, amsa cikin ladabi, kada ka gudu. Ko ƙusa ɗaya ta dogo kada ka tsinta, don kada a ɗauke ka ɓarawon ƙarfe.

Allah ya tsare mu, ya mai da mu gida lafiya.