Daga Dogarawa zuwa gonakin inabi: Hanyoyin keke a karkarar Zariya

Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, keke ya fara dawowa kan titunan Zariya. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa da dama sun jingine babur, sun kakkaɓe tsohon keken da ke rataye a zaure, wasu kuma sun sayi na gwanjo. Cikin kekunan da ake shigowa da su akwai wani iri mai kaurin taya da giya da yawa, wanda aka ƙera domin hawan tsauni da bin hanyoyin daji. Akasarin masu shi a Sabon Gari da Samaru kan kwalta suke tuƙa shi, suna gogayya da tireloli da Keke Napep, alhali hanyoyin da aka yi shi dominsu suna nan kwance a bayan gari.

Asalin keken tsauni

A cikin shekarun 1970 ne wasu matasa a gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya a Amurka suka fara gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan wani tsauni da ake kira Tamalpais. Daga cikinsu akwai Gary Fisher da Joe Breeze, waɗanda daga baya suka shiga ƙera keken da kansu. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka yi da yawa domin kasuwa. Kafin shekara 20 abin ya zama wasa na duniya, domin an shigar da tseren keken tsauni cikin gasar Olamfik a birnin Atlanta a 1996.

Bambancinsa da keken da iyayenmu suka sani, irin su Raleigh da Phoenix, yana wurin taya da giya da birki. Tayarsa ta kai faɗin inci biyu ko fiye, kuma tana da ƙurajen da ke kama ƙasa, don haka ba ta saurin nutsewa cikin rairayi. Giya kuwa lissafin haƙora ce. Idan faifan gaba na da haƙora 44, na baya na da 11, juya feda sau ɗaya zai juya taya sau huɗu, wannan shi ne na gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Idan aka mayar da kaca kan faifan gaba mai haƙora 32 da na baya mai 32, juyi ɗaya na feda juyi ɗaya ne na taya. Tafiya za ta ragu, amma mahayi zai hau tudu yana zaune a kan sirdi. Tsohon keke giya ɗaya gare shi, shi ya sa ake ganin manomi ya sauka yana tura shi da kaya a kan gangare. Sai dai ya fi ɗaukar nauyi, kuma duk mai gyaran keke a ƙauye ya san ciwonsa.

Yanayin ƙasar

Zariya na zaune a kan shimfiɗaɗɗen tudu mai tsayin fiye da mita 600 daga doron teku. Ƙasar na da tashi da gangara kaɗan-kaɗan, jar ƙasa da marmara a kan tudu, laka a fadama, ga duwatsu da suka ɓullo nan da can. Kogin Kubanni na tasowa ne daga wajen Shika, ya ratsa ta filin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya raba Sabon Gari da Tudun Wada, sannan ya zuba cikin Kogin Galma, wanda shi kuma yake kai ruwansa Kogin Kaduna. Waɗannan koguna da rafukan da ke ciyar da su ne suka yanka ƙasar, suka samar da fadamun da ake noman rani a cikinsu. Mai keke zai sami hawa da gangara daidai ƙarfin mai koyo, ba irin na tsaunukan Jos ko Mambila ba.

Dogarawa, wadda ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, tana bakin hanyar Kano. Wannan matsayi ya sa ta dace da zama mafari: mutum na iya fitowa daga cikin gari, ya bar babbar hanya, cikin ɗan lokaci ya tsinci kansa tsakanin gonaki.

Daga Dogarawa zuwa fadama

Hanya mafi sauƙi ita ce bin hanyoyin burji da na ƙafa da suka yi gabas daga Dogarawa, suna gangarawa zuwa fadamun da ke malala cikin Galma. Da rani nan ne ake ganin aikin lambu a idonsa: tumatir da albasa da tattasai da kabeji da karas, ga injinan ban-ruwa na zuƙo ruwa suna turawa ta ƙananan magudanai zuwa fangali-fangali. Hanyoyin siraru ne, domin manoma ne suka fitar da su da sawun ƙafa da na babur. A wasu wurare tiyo ya gitta hanya, ko kuma an yi ɗan kwalbati da itace. Ladabin wurin shi ne a sauka a ɗaga keke a ƙetare, domin taya ɗaya na iya fasa bakin magudana, ruwan da mutum ya sayi mai ya jawo ya bi wani wuri.

Samaru, Bomo da Kubanni

Hanya ta biyu na kewaye Samaru. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Saboda haka yankin na cike da filayen gwaji da hanyoyin tarakta da ke tsakaninsu. Daga Samaru ana iya yin arewa zuwa Bomo, inda akwai tafki da lambuna a gefensa, ko a bi ta kudancin jami'ar a hango madatsar ruwan Kubanni, wadda ke shayar da jami'ar. Filayen gwaji da bakin madatsar na ƙarƙashin kulawar jami'a ne, don haka sai da izinin jami'an tsaronta ake shiga. Shukar da ke gonar gwaji kuwa aikin bincike ne na shekaru, taka layi ɗaya na iya ɓata lissafin kaka guda.

Gonakin inabi na Kudan

Hanya ta uku ta fi tsawo, kuma ita ce ke ba baƙo mamaki. Daga Basawa akwai hanyar da ta nufi Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan. An daɗe da sanin wannan yanki da rake da tumatir, amma a 'yan shekarun nan sunansa ya fita da noman inabi. Mai wucewa zai ga rumfunan da aka kafa da turaku da waya, inabi ya hau ya lulluɓe su, 'ya'yan na reto daga sama. Inabin ci ne, ana tsinke shi da rani a kai kasuwannin manyan birane. Busasshiyar iskar rani ce ke taimakonsa, domin laima ke haifar da cututtukan da ke ruɓar da ganye da 'ya'ya. Manomi na datse rassan a lokacin da ya lissafa, ya yi ban-ruwa, domin 'ya'yan su nuna kafin ruwan sama ya sauka.

Gonar inabi jari ce mai nauyi, tun daga turaku da waya har zuwa rijiyar burtsatse, shi ya sa akasari ake killace ta. Wanda yake son shiga sai ya yi sallama ya nemi mai gona. Idan lokacin tsinka ne, sayen ɗan abin da za a ci a hanya ya fi kowace irin godiya.

Dutsen Kufena

Mai neman hawa na gaske sai ya nufi Kufena, kusa da Wusasa a yammacin birnin Zariya. Dutsen na cikin wuraren da tarihin Zazzau ya ambata a matsayin tsohon mazauni, kuma har yanzu ana ganin ragowar ganuwa a kewayensa. A Wusasa da ke gindinsa ne mishan ta koma a 1929, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Hanyoyin da ke kewaye dutsen na da tsakuwa da falalen dutse da zaizayar ruwa, kuma a nan ne ƙaramar giya da birki mai kyau suke nuna amfaninsu. A gangara ana matsa jiki baya a kan sirdi, a riƙa taɓa birki biyu tare; wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai zai tashi ta kan keke. Saman dutsen kuwa da ƙafa ake hawansa.

Bakin magudanar ruwa

Wanda ya iya ɗora kekensa a mota zai sami wata irin tafiya a kan hanyar Kano. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, na bin babbar magudana yana shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Tun da ruwan da kansa yake gangara ba tare da inji ba, magudanar kusan a shimfiɗe take, haka ma hanyar da ke gefenta. Dattijo da yaro duk za su iya bin ta, tsakanin gonakin shinkafa da alkama da tumatir.

A wasu ƙasashe irin wannan hanya ta zama hanyar samun kuɗi. A kudancin Faransa akwai magudanar Canal du Midi mai tsawon kilomita 240, wadda aka buɗe a 1681, ta taso daga birnin Tulus ta ratsa gonakin inabi ta ƙare a tafkin Thau da ke bakin Bahar Rum. Jigilar kaya ta daina bin ta, amma masu keke na bin gefenta, ƙauyukan da ke hanyar kuma na sayar musu da abinci da wurin kwana. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1996.

Lokaci da guzuri

Ruwan sama a Zariya na sauka ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara. A tsakiyar damina fadama ba ta biyuwa, laka na cushewa tsakanin taya da birki, rafin da aka ƙetare da safe kuma yana iya cika kafin la'asar. Lokaci mafi daɗi shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, wato Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai ƙura na cin kaca, don haka a riƙa goge ta ana ɗiga mata mai. Da bazara, a Maris da Afrilu, a fita bayan sallar asuba a dawo kafin hantsi ya yi zafi.

Babban abokin gabar taya a wannan ƙasa shi ne ƙaya, musamman tsidau da ke shimfiɗe a gefen hanya. Mahayi ya riƙe famfo da kayan faci da tif na ko-ta-kwana, domin mai faci a bakin kwalta yake. Ya ɗauki isasshen ruwan sha, ya sa hular kwano. Kada zafi ya sa a faɗa cikin tafki ko magudana, domin ruwan da ke kwance a irin waɗannan wurare yakan ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. A wajen lafiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya na shawartar baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, fita biyu ko uku a kan keke sun cika wannan.

Tsaro da haƙƙin masu ƙasa

Ba a maganar fita bayan gari a Jihar Kaduna a tsallake batun tsaro. A shekarun baya an sha kai hare-hare da sace mutane a wasu ƙauyukan Giwa da kuma gefen Zariya, har da ɓangaren da Kufena yake. Hali na sauyawa daga wata zuwa wata, don haka labarin bara ba ya isa. Kafin a kama hanya a tambayi mutanen wurin, musamman direbobi da 'yan acaɓa da ke bin ta kullum. A tafi cikin ayari, a sanar da gida inda aka nufa, a dawo kafin magariba. Idan aka isa ƙauye, gaisuwa wurin mai unguwa na sa a san baƙo da abin da ya kawo shi, kuma shi ne zai ce a bi nan, a bar can.

Hanyoyin nan na masu su ne kafin su zama na mai yawon shan iska. Akwai mata da ke ɗauke da itace, da yara masu zuwa makaranta, da amalanke, da garken shanu a burtali. Mai keke ne ya kamata ya rage gudu ya ba da hanya. Idan ya tarar da shanu ya tsaya su wuce, kada ya ratsa tsakiyarsu. Ba a ɗaukar hoton mutane ko gidajensu sai da yardarsu.

Abin da ya rage

Haɗarin da ya fi kusa da mai keke a Zariya yana kan kwalta ne. Hanyar Kaduna zuwa Kano da ta Funtuwa zuwa Sakkwato duk ta nan suka bi, kuma duk wanda zai tashi daga Dogarawa zuwa Samaru sai ya haɗu da manyan motoci a wajen Kwangila. Keɓe wa keke gefen titi a wannan tsakani zai amfani ɗalibi da lebura da ke zuwa aiki fiye da mai wasa. A bayan gari kuma gine-gine na cin gonaki, ana yanka filaye ana toshe tsofaffin hanyoyin ƙafa da katanga. Idan ƙananan hukumomin Sabon Gari da Kudan da Zariya suka haɗa kai da masu unguwanni suka tantance waɗannan hanyoyi, suka hana a gine su, manomi zai ci gaba da fitar da amfaninsa ta nan, mai keke kuma ya bi bayansa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018. Ranar na faɗowa ne a farkon damina, lokacin da ƙura ta kwanta, fadama kuma ba ta riga ta cika ba, don haka makarantu da ƙungiyoyin matasa na Samaru da Sabon Gari na iya amfani da ita su shirya fita ta farko tare.