Hattara Wajen Haɗa Sarbo Da Batir Kai Tsaye

Duk wanda ya ga ƙaramin mutum-mutumi da ake tuƙawa daga nesa da rediyo yana ɗaga hannu ko yana karkata ƙafa, to, aikin wata 'yar na'ura ya gani wadda ake kira sarbo. Ɗan akwati ne mai ƙaramin inji da jerin haƙora waɗanda ke rage gudu su ƙara ƙarfi, kuma kamfanoni irin su Futaba na Japan da Hitec na Koriya ta Kudu sun yi suna wajen ƙera shi.

Wayoyi 3 ke fita daga jikinsa. Ja tana kawo wuta, baƙa ko ruwan ƙasa tana mayar da ita, ta ukun kuwa ita ke kawo umurni, watau bugun lantarki kamar sau 50 cikin daƙiƙa, wanda tsawonsa ke nuna wa sarbo inda zai tsaya.

Umurni ba ya cin wuta, injin ne mai ci. Matsakaicin sarbo idan ya turje da kaya mai nauyi yakan ja amfiya 1 ko fiye, alhali kuwa kafar USB ta yau da kullum rabin amfiya take bayarwa. Saboda haka idan aka ɗora wa allon sarrafawa, kamar Arduino da aka ƙirƙiro a Italiya cikin 2005, nauyin ciyar da sarbo da yawa, sai wutarsa ta faɗi ya ɗauke, mutum-mutumin ya daina jin umurni ana tsakiyar tafiya. Wannan ne ya sa masu wannan sha'awa ke jan wutar sarbo kai tsaye daga batir.

Amma fa ba kowane batir ba. Galibin sarbo an yi su ne domin bolt 4.8 zuwa 6. Ƙwayoyi 4 na batirin NiMH, kowace mai bolt 1.2, suna ba da 4.8 daidai, ƙwayoyi 5 suna ba da 6, ko da yake sukan kai 7 idan an cire su daga caji yanzu-yanzu. Haɗarin yana ga batirin LiPo mai ƙwaya 2: an rubuta masa 7.4, amma idan ya cika yana kai 8.4, wanda ke iya ƙona sarbon da ba a yi shi domin haka ba. Mai irin wannan batir sai ya nemi sarbo mai alamar HV, wanda ke jure wuta mai ƙarfi, ko ya sa na'urar rage wuta da ake kira BEC a tsakani.

Har wa yau, lalle ne a haɗa baƙar wayar batir da takwararta ta allon sarrafawa, in ba haka ba sarbo zai yi ta karkarwa bai fahimci umurni ba. A yi amfani da waya mai kauri, a sa fiyus, domin LiPo yakan kama wuta idan wayoyinsa biyu suka taɓa juna, kuma yakan lalace idan ƙwaya ta sauka ƙasa da bolt 3.

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Kafin a sayi batir, a karanta abin da ke rubuce a kwalin sarbo, sa'an nan a auna cikakken batirin da mita, ba a dogara ga lambar jikinsa kaɗai ba.