Manhajar Kyauta Ba Lallai Ta Zama 'Yantacciya Ba

MAIDUGURI: Masu shagunan ɗora wa wayoyi manhaja a Limanti da sauran unguwannin Maiduguri kan kira duk wadda ba a biya kuɗinta ba "ta kyauta". Amma a wajen ɗan kasuwa, lasisi ne abin dubawa.

Bisa ƙa'idar gidauniyar Free Software Foundation, wadda Richard Stallman ya kafa a 1985, 'yantacciyar manhaja ita ce wadda kowa yake da ikon ya yi amfani da ita, ya bincika rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara ta, ya kuma rarraba ta, ko da sayarwa ce.

NewPipe, wadda ake kallon bidiyon YouTube da ita ba tare da talla ba, ta cika wannan sharaɗi, domin lasisinta GPL ne. Ita kuwa Grayjay, wadda FUTO ya fitar a 2023, rubutunta a fili yake, amma lasisinta ya haramta rarraba ta don kasuwanci. Ke nan mai shagon da ya karɓi kuɗi a kanta ya saɓa ƙa'ida.

Sai dai lasisi bai ɗaure hannun YouTube ba. A watan Yuni na 2023 lauyoyinsa sun aika wa masu Invidious, wadda ita ma 'yantacciya ce, takardar neman su rufe ta. Suka ƙi.