Adadin Ƙwayoyin Shaɗaranji da Kuskuren Wani Masani

Yau maganarmu a kan hisabi take, bisa wani adadi mai girma ƙwarai da abin da ke ɓoye cikinsa.

Ibnu Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya kawo labari cikin Wafayatul A'ayan, cewa wani mai hikima a ƙasar Hindu, Sissa ɗan Dahir, ya ƙago wasan shaɗaranji, watau irin dararsu mai gida 64. Sarki ya ce ya faɗi tukuicinsa. Sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta riɓanyawa har gidan ƙarshe. Sarki ya rena roƙon, amma da masu lissafi suka zauna, sai suka tarar alkamar duniya duka ba ta biyansa.

Jimlar kuwa Albiruni ya riga ya fitar da ita tun wajen shekara ta 1000. Ga ta: 18,446,744,073,709,551,615. In mutum zai ƙirga ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe fiye da shekara biliyan 584.

To, malaman hisabi sun kasa adadi kashi biyu. Akwai awwal, wanda ba abin da ke raba shi daidai sai ɗaya da shi kansa, kamar 7 da 13. Akwai murakkab, wanda aka gina da bugun waɗansu adadai, kamar 15, watau 3 sau 5. Wannan namu murakkab ne. Abokan ciniki biyu ba su raba shi daidai, gama ƙarshensa mara ne. Bakwai ma in sun raba, ƙwaya ɗaya za ta yi saura. Amma uku sa raba lafiya, gama in ka tara haruffansa ashirin 87 ne, uku kuwa tana cin 87. Biyar ma haka, tun da ya ƙare da 5.

In an warware shi sarai, tubalinsa bakwai ne: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Ka buga su da juna, adadin ya komo cif. Daga cikinsu ake samun masu raba shi daidai har 128.

A nan ne darasin yake. Ka ɗauki 2, ka buga ta da kanta, abin da ya fito ka sake buga shi da kansa: 2, 4, 16, 256, 65,536. Ka ƙara ɗaya kan kowanne, sai ka sami 3, 5, 17, 257, 65,537, dukansu awwal, dukansu kuma tubalan adadinmu ne. Wani masanin shari'a da hisabi na Faransa, Ferma, da ya ga biyar ɗin nan sun zo haka a jere, sai ya zaci a 1640 cewa duk na gaba ma awwal ne. Zancen ya tsaya shekara 92. A 1732 Oila, mutumin Suwizalan, ya gwada na shida, 4,294,967,297, ya iske 641 tana raba shi, rabon kuwa 6,700,417. Su ne ragowar tubala biyun nan.

Ku duba, Ferma gwani ne wanda ba a musun iliminsa, shaidunsa biyar kuma duk na gaskiya ne, amma hukuncin ya ɓaci, don ya ɗora shi kan abin da bai auna ba. Saboda haka malamin da ke raba gado kada ya ce wannan mas'ala kamar ta jiya ce, ya zana ta a allo tukuna. Falke kuma in an kawo masa sharaɗi mai riɓanya, ko da da ƙwaya ɗaya ya fara, ya lissafa har gidan ƙarshe kafin ya ce na yarda.